Wanzami da Karta Mai Ido Ɗaya

Kai da kake cewa ai wasa ne, ba da mugun nufi ka yi ba, gyara zama ka ji.

A wani gari na bakin kogi an yi wasu abokai huɗu: wanzami, da mahauci, da maƙeri, da mai fito wanda ke haye da mutane a kwalekwale. Duk ranar kasuwa, in rana ta karkata, sai su zagaya bayan gidan wata mai burukutu, su shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, su girke tulu a tsakiya, su fito da karta. Wasan nasu ba wuya. A cikin kartar akwai wata baƙa mai ɗigo guda a tsakiya, suna ce mata Mai Ido Ɗaya. Sai a gauraya, a yi ta rabawa ɗai-ɗai, wanda ta faɗa wa ya kafa kai ya shanye ƙoƙo guda ba saukewa. Wanzami ke rabo, don ya fi kowa saurin hannu. Abin da sauran ba su sani ba, ya ɗan tsaga gefen kartar nan da bakin aska, tsagar da ido ba ya gani sai dai yatsa ya ji, kuma yatsan da ya saba laluben jijiya ba ya kuskure. Wanda ya ga dama shi yake ba. Ya fi ba mai fito, ba don ƙiyayya ba. Mutumin ne in ya bugu yakan rera waƙa da siririyar murya kamar ta tsohuwa, su yi ta dariya har da riƙe ciki.

Wata rana a tsakiyar damina kogi ya kawo, ya yi ja wur, yana tafe da itatuwa. Mai fito ya ce, "Yau ku yi mini afuwa, jama'a. Akwai masu jirana a ƙetare, kuma ruwan nan ba ya son mai jiri." Wanzami ya ce, "Haba Sarkin Ruwa, ai karta ke zaɓe, ba mu ba." Sau biyar a jere ya ba shi ita. Mai fito ya sha, don ba ya son a ce ya karya dokar zama. Ranar bai yi waƙa ba. Ya tashi yana dafa ɗorawa, ya gangara. Kafin magariba aka ga kwalekwalensa a kife, shi kuwa sai bayan kwana uku aka tsamo shi. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Wanzami ma haka ya ce, har ya fi kowa yawan faɗa.

Bayan sadakar arba'in suka koma gindin ɗorawa su uku. Wanzami ya gauraya, ya ji tsagar a ƙarƙashin babban yatsansa, ya tura wa mahauci. Da kowa ya buɗe tasa, sai ga idon nan guda yana kallon wanzami daga hannunsa. Ya sha, ya sake rabawa, ta sake dawowa. Sai ya ji kartar da sanyi, da danshi, tana warin lakar kogi. Ya miƙa wa abokansa su taɓa, suka ce a bushe take ƙayau. Ƙoƙo na uku da ya kai baki, yashi ya ji yana ƙaras-ƙaras a haƙoransa. Washegari ya jefa kartar a wutar maƙera, ya tsaya har ta zama toka. Ya sayo sabuwar karta a cikin kwalinta, ya ce maƙeri ya yi rabo. Ta farko da aka ajiye masa ita ce, kuma tun kafin ya juya ta yatsansa ya faɗa cikin tsagar.

Daga nan ya bar wasan, ya bar sha, amma hannunsa ya ɗauki rawa. Ran da ya yanki kunnen wani dattijo yana masa aski, aka daina kiransa suna da kaciya. Ya rataya zabirarsa ya yi arewa, har ya isa garin da babu kogi babu tafki, sai rijiya mai gaba arba'in. Ya shekara a can. Hannu ya natsu, jiki ya murmure, har ya fara gaya wa kansa cewa giya ce ta taɓa masa kai a wancan lokaci.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka a cikin bazara, ya bi ta gaban wata rumfa inda wasu fatake ke buga karta. Ya kau da kai, ya ƙara sauri. Sai ya ji an ce, "Malam wanzami, tsaya, ka yar da abu." Wani bafatake ne, wanda bai taɓa ganinsa ba, ya biyo shi ya sa masa Mai Ido Ɗaya a tafin hannu. Mutumin ya dubi yatsunsa, ya goge su a rigarsa, ya ce, "Ikon Allah. Ina ka samo ruwa a garin nan?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.