Muryar Hajiya da Ta Koyi Kananci

Alhaji, ka ce me zai sa mu binciki ƙananan kamfanonin da ke yi mana aiki alhali namu kwamfutocin a kulle suke. To bari in ba ka misali.

An yi wata mata Basakkwaciya mai kamfanin dafa abincin biki a Kano. Ta yi shekara da shekaru a garin amma harshenta bai juya ba, kuma ga ta da faɗa: ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka tuhumarka take. Duk da haka mutane na rububinta, don wainarta da miyar taushenta ba su da na biyu. Da harka ta buɗe, sai ta ɗauko masana suka ɗaure mata kwamfutocin ofis tamau, kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, ita kanta sai ta dangwala yatsa kafin wayarta ta buɗe. Amma aikin tura wa masu biki saƙonnin tuni ta ba wa wani ɗan ƙaramin kamfani a bayan kasuwa, ta damƙa masa sunayen mutanenta da lambobinsu da ranakun bukukuwansu, har da saƙonnin muryarta. Shi kuwa mai kamfanin, mutumin kirki ne, sai dai kalmar sirrinsa sunan garinsu ce, kuma bai taɓa canza ta ba. 'Yan kutse ba su ko kalli ofishin Hajiya ba. Ta wajensa suka bi suka kwashe komai, suka ba wa manhajar ƙirƙirarriyar basira muryarta ta kwaikwaya, sannan suka tura wa duk mai biki a watan cewa an canza asusun banki, a tura kafin alƙalami sabon wuri.

Muryar ta fito sak, har da 'yar shaƙewar nan tata. Abin da ya tona su shi ne, ɓarayin sun rubuta mata Kananci tsantsa, ga ladabi kamar na mai neman aure: "don Allah", "a yi haƙuri", "na gode ƙwarai". Wata dattijuwa da ke shirin aurar da jikanta ta saurara sau biyu, ta kira ta tana dariya har da tari, ta ce, "Hajiya, yaushe kika koyi Kananci, kuma wa ya koya miki ba da haƙuri?" Dattijuwar ta tura mata saƙon, Hajiya ta ji, ta gane sunan da ta gina da gumi ne ake shirin zubarwa. Nan take ta zaunar da ma'aikata, aka bi mutanenta ɗaya bayan ɗaya da waya, ita ma tana karɓa tana zazzaga musu Sakkwatanci don su tabbatar ita ce. Mutum biyu kaɗai suka riga suka tura wa ɓarayin kuɗi, ta dafa musu abincin bikinsu ba ta sake neman kafin alƙalami ba. Mai kamfanin tura saƙonnin ya zo ba da haƙuri. Ba ta kore shi ba: ta yi masa wankin babban bargo, ta zuba masa waina, sannan ta haɗa shi da masanan nata suka gyara masa tsaron kwamfutocinsa. Tun daga ranar, duk wanda zai taɓa bayanan mutanenta, ko mai buga mata takarda ne, sai an fara duba tsaronsa.

Ita dai Allah ya rufa mata asiri da harshenta. Mu da muke Kanawa masu ladabi, Alhaji, ban san me zai cece mu ba. Shi ya sa Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.