Dogayen Unguwar Kajimachi

Amana ta mutu a unguwar Kajimachi, an binne ta, ko gaisuwa ba wanda ya je. Tun da aka kafa ƙasar Japan ba a taɓa zaluntar kafaɗa kamar yadda aka zalunci ta Akaike Genzaburo ba, mutum mai kyan tsayuwa, mai gashin baki kamar an zana, wanda furfura ma ta san inda ya dace ta fito masa.

Shekara da shekaru yana cikin masu ɗaukar mikoshi, ɗan ɗakin bautar nan mai nauyin tsiya da ake zagaya unguwa da shi a kafaɗa ranar bikin kaka. Sauran maza sukan koma gida da kumburi kamar curin shinkafa, suna nishi, matansu na shafa musu magani. Akaike kuwa ko gezau. Ihunsa ya fi na kowa, rigarsa ko yamutsewa ba ta yi. Shi ya sa Tsoho Inokuma, shugaban masu ɗauka, ya ce bana in an sauke lafiya zai tuɓe rigar shugabanci ya sa masa.

Kafin biki akan yi gwajin kafaɗa. A gitta gora, kowa ya zo ya tsaya, a haɗa masu tsayi ɗaya a sanda ɗaya, don in gajere ya faɗa cikin dogaye katakon ta samansa zai wuce, su su sha nauyin.

Bana sai ga abin al'ajabi: mazan unguwa sun ƙara tsawo. Har Mogi mai aski, wanda sai ya yi ɗage yake kaiwa ƙeyar mutum, ya taɓo gorar dogaye.

"Kai Mogi, me kake ci?" in ji Inokuma.

"Madara, Baba."

"Da sanƙonka?"

"Sai yanzu ta fara aiki."

Haka aka tara sababbin dogaye bakwai a sandar baya ta hagu tare da Akaike. Dogayen gaske, irin su ɗan mai kifi da ƙannensa, waɗanda suka saba tsayuwa kusa da shi, aka mayar da su wasu sanduna. Akaike bai lura ba. A watan nan hidima ta yi masa yawa, masoya na ta gayyatarsa cin taliya ɗaya bayan ɗaya, har ɗamararsa ta fara matse shi.

Ranar biki ganguna suka ɗauka, aka janye kujerun katakon da mikoshi yake zaune a kai. Gaba ta tashi. Dama ta tashi.

Akaike ya waiga. Mogi ya murtuke fuska kamar mai ɗauke da dutse, jijiyar wuya duk ta fito, amma tsakanin kafaɗarsa da katako sai a zura hannu. Na bayansa haka. Na bayan na bayansa haka. Nishi kam ana yi, nishi mai kyau, sai dai babu mai ɗauke da komai.

Mikoshi ya karkato a hankali yana neman kafaɗa. Da yake Akaike ya ɗan ɗara su tsawo, tasa ya fara samu.

"Ku ɗaga mana, 'yan banza!"

"Kai ka ɗaga, Yaya, ai kai ne ba ka gajiya!" in ji Mogi.

 Akaike ya kira uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Tsuntsun zinariya da ke kan rufin ya sulluɓo, ya yi tsalle ɗaya, ya faɗa cikin bahon awarar Uwargida Tomie, mai sayarwa a bakin hanya. Ta leƙa ciki, ta ɗago kai.

"Baba Inokuma, in soya shi ko in dafa?"

Aka kwantar da Akaike a kan benci, aka manna masa awara mai sanyi a kafaɗa. Inokuma ya sa aka kawo gora, ya jera bakwai ɗin ba takalmi. Duk sun koma yadda iyayensu suka haife su. Mogi ne ya fara tonawa: ranar gwaji akan naɗe tawul a cusa cikin takalmi, ranar biki a cire, sai a bar wa dogaye aiki.

A nan take tsohon ya tuɓe rigar shugabanci ya sa wa ɗan mai kifi, yaron da ko ihu bai iya ba. Sannan ya juyo yana huci.

"Wane la'ananne ne ya koya muku?"

Yatsu bakwai suka tashi lokaci ɗaya, suka nuna benci, inda ni Akaike nake kwance. Ku dubi rashin mutunci: kowannensu ya rantse mini a kan kwanon taliya cewa ba zai faɗa wa kowa ba, kamar yadda ni ma na rantse wa kowannensu cewa shi kaɗai na koya wa.