Harshen Goggo Liao

"Kwashe min wannan ƙazantar daga ƙofar haikali!" Goggo Liao ta daka wa Pei-shan tsawa.

Ita ce shugabar madafar haikalin, ba mai kafa rumfar abinci ranar biki sai da yardarta. Kowa ya haddace kirarinta: shekara saba'in nama bai taɓa harshenta ba, tun tana cikin uwarta.

Pei-shan ta ƙanƙame farantinta. In aka kore ta yau, boga ɗari ukun da ta haɗa, burodin nan mai curi kamar na nama a tsakiya, sai bola.

"Goggo, waken soya ne a cikin burodin. Ba dabbar da aka kashe."

"Waken da ke zubar da jini? Gishiri da sinadari kuka dama kuna cutar mutane, 'yan zamani marasa kunya!"

"Ruwan jan gwoza ne. Mai son nama ya ci wannan, saniya ta tsira. Ɗanɗanonsa sak naman sa."

"Sak? Miƙo nan, maƙaryaciya."

Matan madafa suka kewaye su. Tsohuwa ta gatsa, ta tauna sau biyu, ta tofar.

"Tir! Wannan dusar ce naman sa? Na gaske kitsensa narkewa yake a baki, balle in an gasa shi da barkono ana..."

Ta kama bakinta. Ludayin wata ya faɗi ƙasa.

Pei-shan ta risina da ladabi.

"Goggo, a wane gefen ƙofar zan kafa rumfar?"