Sunan Ƙarshe

Ranar arba'in da mutuwar yarima, ana raba dafaffiyar alkama da zuma a ƙofar coci, sarauniya ta tsayar da mawaƙin fada.

"Ajiye gogen nan, dattijo. Ni na haife shi, ni zan yi waƙar."

Ta kwance gashinta ta fara. Sai ta kira sunan maƙeri, ta kira makiyayi, ta kira mai tsinkar inabi, duk wanda ya faɗi tare da yarima a yaƙin mashigar dutse, kowa da baitinsa. Mata masu takaba suka riƙa ɗago kai ɗaya bayan ɗaya.

Wata tsohuwa ta ja gefen rigarta. "Ranki ya daɗe, kin manta da naki."

"Ina fa, iya! Yana ƙarshe. Yaron nan bai taɓa shiga gari ba sai mutanensa sun gama shigewa."