Gilashin Motar Sallau

Shekara ta tara ke nan da Funtuwa ke wayar gari cikin ƙanƙara, kuma doka ta hana kowace mota motsawa sai gilashinta na gaba ya washe. Motar lantarkin Sallau direba kuwa, ranar da za a kai wansa Haladu makwancinsa abin busa ɗuminta ya mutu.

Sallau ya kashe ya kunna. Ya zare fis ya hure shi, ya mayar. Ya kara tafin hannu a bakin ramin iskar, bai ji komai ba. An riga an yi wa gawa salla, tana kwance a baya cikin makara.

"Gilashi bai washe ba," in ji motar. "Numfashin mutum uku yana ƙara raɓa."

Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyarsu, da ke zaune a motar tare da liman, ya daina salatin da yake yi. Ya goge gilashin da hularsa, raɓar ta dawo.

"Sallau, mu sauka. Rana tana yi wa Haladu."

Kawu da liman suka fita. Sallau ya riƙe numfashi iya ƙarfinsa, sannan shi ma ya fita.

Suna tsaye a waje gilashin ya washe tas.

"Babu mai numfashi," in ji motar. "A shirye nake."

Sallau ya faɗa mata sunan maƙabarta ta taga. Ta ja a hankali da Haladu shi kaɗai, jama'a suka bi ta a ƙasa. Sai da suka wuce masallaci Kawu ya taɓa kafaɗarsa.

"Yi numfashi, ɗana. A nan ba a hana ba."