Malam Tassiou a Kan Iyaka

Malam Tassiou ya sha kwanar ƙarshe kafin ƙolin dutsen, ƙafafunsa na murza feda, gumi ya jiƙa masa riga duk da ƙanƙarar da ke kwance a gefen titi. Hanyar ta naɗe dutsen kamar rawani. Can ƙasa shanu sun koma kamar tururuwa. Can sama kuwa ga tutoci biyu, ta Suwizalan da ta Italiya, ko ta Faransa ce, ɗaya dai daga cikinsu.

Hajjinsa na bana yana rataye a kan wannan hawa. Tun da likitansa na birnin Greensboro ya yi maganar ciwon zuciya, 'yarsa Fourera, wadda nas ce, ta ƙwace fasfonsa. Sharaɗinta ɗaya ne: ya haye dutsen nan a keke, ya wuce iyaka, ba tsayawa ko sau ɗaya.

Jiya saura kaɗan. Amma mutumin da ya tsufa yana jan tirela tsakanin Maraɗi da Katsina ba ya wuce jandarma haka kawai. Yana hango ɗakin masu tsaron iyaka ƙafarsa ta tsaya da kanta, ya cire hula, ya shiga laluben aljihu. Fourera ta ce sai an sake.

Yau ma tana gefensa da gorar ruwa. Ga ɗakin nan ya bayyana. Ga jami'in nan mai gashin baki, tsaye inda yake jiya, hannunsa a sama.

"Baba, kar ka tsaya."

"Ba ni da takarda fa, Fourera."

"Ba ruwansa da kai. Murza!"

Ya yi bisimilla, ya runtse ido, ya jefa wa jami'in "bonjour, patron" da ƙarfi don kada a ce ba shi da ladabi, ya danna feda. Da ya buɗe ido, titi ya fara gangara. Fourera ta daka tsalle, ta ce fasfo na cikin jakarta, gobe za su je neman biza.

Yana haki yana dariya, ya sanar cewa tunda ya shiga wata ƙasa, azahar ɗin yau ƙasaru zai yi.

Matarsa Sakinatou ta fito daga kicin, ta ce matafiyi ya sauko ya ci tuwo tukuna. Ta kashe bidiyon hanyar dutsen da yake kallo a talabijin, ta rataya masa tawul a hannun keken motsa jikin da ke girke a tsakiyar falon gidansu na Pleasant Garden, kusa da Greensboro.