Kaza a Miyar Cuku

Sati uku ke nan da Malam Nu'uman ya nemi auren Kande, bazawarar da ke ɗinki a Zango, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ranar Alhamis bayan la'asar ta aika masa ya zo.

Ya iske ta tana narka cukun Nijar a madara mai ɗumi, tana kwarawa a kan soyayyar kaza. Shekara talatin ya yi yana koyarwa, bai taɓa ganin miya fara fat haka ba.

"Kande, miya ce wannan ko kunu?"

"A waya na gani, Malam. Nasu cukun na kanti ne, ni na yi da namu."

"To, maganata fa?"

"A ci abinci tukuna."

Ta zuba masa, ta koma gefe tana gyara mayafi. Ya sa cokali yana juyawa kamar mai duba jarrabawa, sai ya ci karo da ƙundu. Ya dakata. A gidan da ya tashi, maigida kaɗai ake ba ƙundun kaza.

"Ko kuskure aka yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Kaza ɗaya, ƙundu ɗaya, Malam. Na san inda na sa shi."